Dabaibayin Auta

Ban taɓa faɗa wa ƙanena ba, amma babban dalilin da ya sa na dage sai ya dawo wurina Madina shi ne garin ba shi da teku. Ga dangi na ce albarkar garin Manzo nake nema masa, ga kuma likitoci, kuma ban yi ƙarya ba. Sai dai ranar da na zauna cike masa takardu, taswira na buɗe a waya na auna nisan gidanmu da Yanbu, garin bakin ruwa mafi kusa da mu. Tafiyar kusan awa uku ce a mota, shi kuma an hana shi tuƙi. Na rufe wayar hankalina kwance.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da shi, shekara tara a tsakaninmu. Auta muke ce masa har ya yi gemu. Iyayenmu Kanawa ne, amma a Ikko aka haife mu, a wani ƙauyen masunta da sai da kwalekwale ake zuwa. Baba gadi yake yi a gidan hutun wasu Turawa, Inna na suyar ƙosai. Ni tun ina ƙarama ba na ga maciji da ruwa. Ina shekara bakwai na ga an fito da wani masunci da ya kwana biyu a ciki, daga ranar ko kwalekwale na shiga idona a rufe yake har mu sauka. Auta kuwa kamar don a ba ni haushi aka haife shi. Yana fara tafiya ya nufi bakin teku. Yana shekara shida ya samo ɓallen katakon kwalekwale yana kwanciya a kai, ruwa na kawo shi gaɓa. Baba ya zane shi, Inna ta karɓo masa rubutu ya sha, ni kuma na yi ta kai ƙara har bakina ya gaji.

Abin da ya zama sana'arsa ke nan, hawan igiyar ruwa. Mutum ya kwanta a kan dogon allo ya tuƙa da hannu zuwa can ciki, in igiyar ta taso ya miƙe tsaye ta ɗauko shi, alƙalai a gaɓa suna ba da maki. Wani Bature daga gidan da Baba ke gadi ne ya bar masa tsohon allonsa. Kafin ya cika ashirin babu mai kama ƙafarsa a gaɓarmu, daga nan aka fara ɗaukar nauyinsa zuwa Senegal da Maroko da Afirka ta Kudu. Ya ci kofuna, hotonsa ya fito a jikin riguna. Danginmu na Kano sun rasa yadda za su yi wa baƙi bayani, sai suke cewa aikin jirgin ruwa yake yi. Akwai wani dogon zaren roba mai kauri da ake ɗaure allon da shi a idon sawu, don kada ruwa ya raba mutum da allonsa. Inna ce ta sa masa suna dabaibayi. Takan ce yaron da ya ƙi ɗauruwa a gida, ga shi ya je ya ɗaure kansa da katako.

Lokacin da yake tashe ni na riga na yi aure na biyo maigidana Madina. Shi yana koyarwa, ni ina aiki a wata saidaliyya, wato kantin magani, a Al-Azizya. In ana nuna gasarsa nakan laɓe bayan kanta da waya a hannu. Ban taɓa kallon hawansa ko guda ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Da ya miƙe a kan allon sai in kife wayar in yi ta salati, ihun mai sharhi ne ke gaya mini ya fito lafiya. Washegari in kira shi in ce na ga komai, ya yi ƙoƙari.

Ranar da bai fito lafiya ba ma ban gani ba, shirun mai sharhin na ji. Ruwa ya naɗe shi ya buga kansa da dutsen ƙasa. Ya yi kwanaki bai san inda kansa yake ba. Ya farfaɗo, ya sake koyon tafiya, har mun fara murna, sai wata huɗu bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa yana karkarwa. Farfaɗiya ce, daga tabon da raunin ya bari a ƙwaƙwalwa. Likita ya ce ba tuƙi, ba hawa sama, ba shiga ruwa shi kaɗai. Masu ɗaukar nauyinsa suka aiko da gaisuwa mai daɗi suka cire hotonsa daga rigunan. Wasu abokan da suka taso tare suka daina haɗa kwano da shi, wai ana ɗaukar ciwon a miyau. Baba ya riga ya rasu a lokacin, Inna kuma ba ta jima ba ta kwanta. A wayarmu ta ƙarshe abu ɗaya ta roƙe ni.

"Ki riƙe mini shi," ta ce. "Kada ruwa ya cinye mini ɗa."

Ya sauka a Madina da jaka ɗaya da allonsa a cikin wata doguwar riga mai zik. Maigidana ya zagaya abin sau biyu ya ce ko makara ya zo mana da ita. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Muka hau da allon saman soro muka jingine shi kusa da tankin ruwa. A makon ne, Auta yana masallaci, na hau na kwance dabaibayin na ɓoye shi a ƙasan akwatin zannuwana. Na san Auta, ko a kududdufi ba ya hawa allo ba tare da shi ba.

Daga nan na shimfiɗa dokoki. Wanka da bokiti, ba a cika bahon banɗaki, ba a sa sakata. In ya shiga nakan tsaya a bakin ƙofa ina sauraron ƙarar moɗa, in na ji shiru ya yi yawa in ƙwanƙwasa.

"Auta?"

"Ina raye, Yaya. Sabulu nake sawa."

Namiji ɗan shekara talatin da ɗoriya, wanda aka taɓa ɗauka a kafaɗa ana kiran sunansa, ga shi yana ba da rahoton sabulu. Na san abin kunya ne, amma ban fasa ba. Maganinsa ni nake ɓallo masa safe da yamma, in tsaya har ya haɗiye. In maƙwabta za su fita hutu Yanbu suka yi mana tayi, kafin ya buɗe baki na ce muna da baƙi.

Maigidana ya samo masa aiki a wani shagon dabino kusa da masallacin Ƙiblatain. Alhazanmu suna son shagon, don ga mai jin Hausa ga haƙuri, sai su ɗanɗana kala biyar su sayi rabin kilo. Babu wanda ya san ko shi wane ne. Ranar Juma'a da hantsi kawai nake ganin ɗan Inna na da. Waɗanda ya koya wa hawa a ƙauyenmu, har da wata yarinya da yanzu ita ma take cin kofuna, sukan kira shi su juya wayar wajen teku. Sai ya yi shiru ya ƙura ido, wani lokaci har kwata na awa, sannan ya ce su shiga ta wajen duwatsu, ko ya ce yau kowa ya koma gida. In an kashe wayar yakan daɗe yana kallon baƙin gilashin.

Shekara biyu muka yi a haka. Ciwon ya yi sauƙi, sai ya yi watanni bai tashi ba, ni kuwa na ɗauka nasarata ce. Ya yi ƙiba, maganarsa ta ragu, ya daina tsokanata. Ina gani sarai. Amma duk lokacin da tausayi ya taso mini sai in tuna masuncin nan da aka fitar, in ce gara ya yi shiru a gabana.

Sai ga ruwan sama. Wanda bai zauna Madina ba ba zai gane yadda mutanen garin suke yi da ruwa ba. In aka yi mai ƙarfi a kan duwatsu, kwarin Aƙiƙ da ke bushe shekara da shekaru sai ya kawo, su ce sail ya zo, wato ambaliya. Saƙonni suna shigowa waya ana gargaɗin a nisanci kwari, mutane kuwa suna ɗaure darduma da butar gahawa suna nufar can da iyalansu. Ran nan tun azahar ake kwarara. Na tashi daga aiki bayan la'asar, na biya ta shagon dabino in ɗauko Auta, mai shagon ya ce ai tun ɗazu ya ce zai je gida. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Na isa gida ba ya nan. Na hau soro da gudu, ruwa na dukana. Wajen tankin babu allo.

Ban san yadda na sauko ba. Na zazzage akwatina a tsakar ɗaki, zannuwa ko'ina, ga dabaibayin nan a naɗe inda na ajiye shi. Da ban same shi ba da ya fi mini sauƙi. Abin da ya zo mini shi ne ya gaji ya tafi haka nan, kuma ni da hannuna na raba shi da abu ɗaya da zai iya riƙe shi a saman ruwa. Na kira maigidana na kasa haɗa magana, Aƙiƙ kawai nake maimaitawa. Ya ce in jira shi. Ban jira ba, na ɗauki mukulli.

Na ajiye motar a karkace a bakin titi na shiga cikin jama'a. Ruwan ja ne kamar kunun kanwa da aka dama da ƙasa, yana tafe da rassan dabino da robobi da wani ƙyauren ƙarfe, ƙararsa har cikin haƙora. Mutane na ta ɗaukar hoto, yara na ihu. Ni ina gudu a gefen, abayata ta jiƙe ta nannaɗe mini ƙafa, dabaibayi a hannu, duk baƙin abin da ya ɓullo a ruwan sai in ce kansa ne. Na tambayi wasu samari ko sun ga mutum da dogon allo, suka ɗauka taɓaɓɓiya ce. Ina kiran Auta, ina kiran Inna, ina roƙon Allah da duk addu'ar da ta zo bakina.

Can kusa da wata ƙaramar gada na hango shi. Yana zaune a saman gangaren siminti shi kaɗai, ya rungume gwiwoyinsa, takalmansa a gefe. Babu allo. Ko tafin ƙafarsa bai taɓa ruwan ba.

Abin da na yi ba na alfahari da shi. Na isa na zabga masa dabaibayin a gadon baya, sau biyu, a gaban mutane.

"Kashe ni kake so ka yi? Ina allon? Ina ka kai shi?"

"Yana ƙarƙashin bene, Yaya. Iska ce ta kayar da shi na shigo da shi." Ko juyowa bai yi ba. "Zauna, kin tsorata matan can."

"Ba zan zauna ba! Tashi mu tafi!"

"Wannan ruwan ba a shigarsa. Ko lokacin da nake da lafiya ba zan shiga ba. Zauna ki gani."

Na zauna, ba don biyayya ba. Ya nuna mini ƙasan gadar, inda ruwan ke faɗawa ya tafasa. Ya ce in bi wancan reshen da ido. Reshen ya faɗa, ya nutse, ya ɓullo, maimakon ya wuce sai ya dawo baya ya sake nutsewa. Ya ce duk abin da ya shiga wurin ba ya fita, ko mutum ya iya iyo kamar kifi. Sannan ya nuna wani dutse a tsallake. Ya ce da ya zo akwai farin tabo a jikinsa, tafi guda sama da ruwa, yanzu babu shi.

Yana faɗin haka ya miƙe. A ƙasa da mu akwai wani dandamali inda iyalai uku ko huɗu suka shimfiɗa darduma dab da ruwan. Ya haɗa hannu a baki ya ƙwala musu da guntun Larabcinsa na shago.

"Moya jaya! Fog, fog! Yalla!"

Wato ruwa na zuwa, su hau sama. Wani matashi ya ɗaga masa kofin gahawa yana dariya. Amma wani dattijo ya dubi Auta, ya dubi ruwan, ya fara naɗe dardumarsa, sauran suka bi shi suna gunaguni. Ba a yi minti goma ba ruwan ya haye dandamalin. Ya tafi da butar shayi ɗaya da takalmin wata yarinya. Dattijon ya ɗago hannu daga nesa, Auta ya koma ya zauna kamar ba abin da ya faru.

"Ke kin ɗauka aikina shiga ruwa ne," ya ce. "Rabinsa zama ne. Kafin in jiƙa ƙafa sai na zauna na ƙirga igiyoyin, na ga ta inda suke karyewa da ta inda ruwan ke komawa. Waɗanda na bari suka wuce sun fi waɗanda na hau yawa nesa ba kusa ba. Ranar da na ji ciwo ce kawai ban zauna ba. Mun makara, ana ta kiran sunana, ga masu hoto. Na san ban karanta shi ba na shiga."

Na matse ruwan da ke gefen abayata.

"Likita cewa ya yi kada in shiga ni kaɗai, Yaya. Ina wurin ya faɗa. Ke kika haɗiye ƙarshen maganar." Ya dubi abin da ke hannuna. "Kuma tun makon da na zo na san yana cikin akwatinki. Ban taɓa ba don kada ki daina barci. Amma wallahi na gaji. Ina tsaye a shagon nan ina auna dabino, sai in ji kamar an riga an binne ni an manta ba a gaya mini ba."

A nan maigidana ya same mu, mu biyu jiƙe sharkaf, ni ina kuka shi yana kallon ruwa.

Sai da na yi mako uku ina jan ƙafa. Na sami likitan ƙwaƙwalwar da ke duba shi, ina fatan ya ce a'a. Bai ce ba. Ya ce haɗari akwai, ba zai ɓoye mini ba, amma in za a yi, to da rigar da ke hana nutsewa, a ruwan da bai wuce ƙugu ba, da mutum kusa da shi iya miƙa hannu. Maigidana ya ce shi zai shiga, ya iya iyo. Na ce a'a. Ni Inna ta bar wa amana, kuma na san in na tsaya a gaɓa rufe ido zan yi kamar kullum. Aka tsayar maigidana zai tsaya a bakin ruwa da waya da maganin gaggawa.

A kan kafet ɗin falo Auta ya koya mini. Ya kwanta ya ce in zo ta bayansa, in sa hannu ƙarƙashin haɓarsa in ɗaga fuskar sama.

"Kada ki danne ni, kada ki ja ni da ƙarfi, kada ki bari a sa mini komai a baki. Ki ƙirga da ƙarfi yadda maigidanki zai ji ki daga gaɓa. In kin kai ɗari uku bai sake ni ba, ya kira motar asibiti."

"Ni kake koya wa? Kullum abin da nake gaya wa mutane ke nan a kanta."

"Faɗa daban ne. Haka nake yi in ruwa ya danne ni a ƙasa. Ba a kokawa da shi, numfashi ne ke ƙarewa. Saki jiki ake yi a ƙirga har ya gaji ya sake ka."

Ranar Asabar bayan asuba muka ɗauki hanya. Ban ci komai ba. Da muka isa ya ga tekun Yanbu kwance lumui, sai ya tuntsire da dariya, irin wadda na manta yana da ita. Ya ce wannan ai bahon wankan jarirai ne. Duk da haka sai da ya zauna a kan yashi kusan awa guda yana kallonsa. Sannan ya sa rigar hana nutsewa, ya ɗaura dabaibayin a idon sawunsa, ɗaya bakin da ake ɗaura wa allo ya ɗaura mini a wuyan hannu. Allon mun baro shi a gida, ya ce sai na saba. Na shiga da abayata da komai. Da ruwan ya kai mini gwiwa na ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafata, na ƙanƙame hannunsa har farcena ya shige shi. Shi kuwa ya kwanta rigingine a kan ruwan ya rufe ido, hawaye na gangara masa ta gefen kunne.

Zuwa uku muka yi lafiya. A na huɗu ne abin ya zo.

Muna tsaye ruwa iya ƙugu, yana ba ni labarin wani gari a Maroko, sai ya tsaya a tsakiyar magana. Ya ce, "Yaya," da wata ƙaramar murya. Idonsa ya juye, jikinsa ya sandare, ya tafi ta gefe. Dabaibayin ya fizgi hannuna.

Abin da jikina ya so yi shi ne rufe ido. Na ji fatar idon na saukowa da kanta, kamar yadda nake kife waya a bayan kanta. Ban san da me na hana ta ba. Na durƙusa ta bayansa, ruwan ya kawo mini ƙirji, na cusa hannu ƙarƙashin haɓarsa na ɗago fuskar. Ya fara fizga. Ƙeyarsa na dukan ƙashin wuyana, ƙafafunsa na watsa ruwa, kumfa na fita ta gefen bakinsa, leɓɓansa suka fara canza launi. Duk abin da ke cikina cewa yake in ja shi in gudu gaɓa. Na buɗe baki na ce ɗaya. Na ce biyu.

Wajen ashirin wata 'yar igiya ta zo ta wanke masa fuska, na ɗaga shi sama da gwiwata, ruwan gishiri ya shiga bakina na ci gaba. Wajen arba'in maigidana ya iso gefena, ya tallafi bayansa. Wani bawan Allah ya shigo da gudu da jallabiyarsa, mukullin mota a hannu zai cusa masa tsakanin haƙora. Na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba, ya ja da baya. Hamsin da biyar, hamsin da shida. Ina kallon fuskar ɗan Inna, ina jin muryarta a waya, na tabbata a raina yau na kashe shi da hannuna. Muryata ta dishe, amma ban tsallake lamba ko ɗaya ba.

A tamanin da bakwai jikinsa ya saki. Ya ja wani dogon numfashi mai gurnani. Muka fito da shi a hankali muka kwantar da shi ta gefe a kan yashi, na share masa baki da gefen mayafina. Mutane suka kewaye mu, wata mata na ta miƙo mini ruwan gora. Ya daɗe kafin ya gane inda yake. Da idonsa ya tsaya a kaina, leɓɓansa suka motsa, na kai kunne.

"Nawa?"

"Tamanin da bakwai."

"Kin rufe ido?"

"Ban rufe ba."

Ya ɗan gyaɗa kai, barci ya ɗauke shi.

Mun biya asibiti a can aka duba ƙirjinsa, aka ce bai shaƙi ruwa ba. A hanyar dawowa ina baya, kansa a kan cinyata. Sai da muka wuce Badar na lura bakin dabaibayin yana wuyan hannuna har lokacin, ya yi mini jan shati. Maigidana ya dube ni ta madubi ya ce in na ce an daina, babu wanda zai ga laifina, shi da kansa zai gaya masa.

Da muka isa gida na wanke dabaibayin da ruwan famfo na shiga ɗaki da shi. Na buɗe akwatin zannuwana na tsaya a kansa. Wurinsa na nan a ƙasa, har da shatin da ya bari a jikin wata tsohuwar atamfar Inna. Na daɗe a tsaye. Na ce, Inna, ki yafe mini, riƙon da na iya ke nan. Na rufe akwatin na fito na rataye shi a ƙusar bakin ƙofa, inda muke rataye mukullin mota.

Likita ya ƙara masa magani ya ce a huta wata biyu. Duk tsawon lokacin Auta na wucewa ta gaban ƙusar nan safe da yamma, bai taɓa kai hannu wurin ba. Ranar Juma'ar da wa'adin ya cika, bayan la'asar, na ji motsi a ƙarƙashin bene. Na leƙa na gan shi ya kwantar da allon a kan kujeru biyu yana kankare tsohon kakin da ake shafa masa don kada ƙafa ta zame. Ya ɗago ya dube ni, yana jira. Tsoron nan bai ragu da ko ƙwayar gero ba. Na tambaye shi ƙwai nawa zan dafa mana na hanya.